Darasi na Tara: Neman Taron Taimakon Juna Don Rabuwa da Giya

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. bambanta mai shan giya da wanda jarabarta ta kama;
2. bayyana abin da ake yi a taron taimakon juna da inda ya samo asali;
3. gane alamomin da ke nuna sai an fara da asibiti kafin taro;
4. bin hanyoyin neman taro a garinsu, ya kuma tantance na kirki da na cuta;
5. amsa ƙorafe-ƙorafen da ke hana mutane zuwa.

Ciwon da ɓoyo ke ciyarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024 wanda ya nuna giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Rahoton ya ce kimanin mutum miliyan 400 ne a duniya ke fama da matsalar sha, kuma miliyan 209 daga cikinsu jikinsu ya riga ya dogara da ita. A ƙasar Hausa, inda addini da al'ada suka haɗu a kan ƙyamar giya, wani zai ɗauka wannan lissafi na wasu ne. Lallai ƙyamar ta kare mutane da yawa, kuma alheri ce. Amma akwai burukutu da bammi da ogogoro da goskolo da 'yar leda mai arha a tashoshin mota da barikoki da bayan gari, kuma akwai 'ya'yanmu a cikin masu saya. Wanda ya faɗa a cikinmu yana da wani nauyi na daban a kansa: ba shi da wanda zai gaya wa. Yana sha a ɓoye, ya tauna goro ko cingam don kashe wari, ya shiga gida bayan kowa ya kwanta. Matarsa ta sani, tana rufa masa asiri saboda yara. Mahaifiyarsa ta sani, tana kuka tana addu'a. Kowa ya sani, ba mai magana. A cikin wannan shirun jaraba take ƙiba, domin duk ranar da kunya ta cika masa ciki, abin da ya saba kashe kunya da shi kwalba ce.

> AKWATIN MA'ANA
> Jarabar giya: halin da mutum ke ci gaba da sha alhali yana ganin ɓarnar da take yi masa, ya yi niyyar dainawa sau da dama ya kasa. Alamominta sun haɗa da matsanancin marmari, ƙarin yawan abin da yake sha kafin ya ji ta, da rashin lafiya idan ya rasa ta.

Mutane kan ce mashayi mai tuban muzuru ne. Sau da yawa wannan zalunci ne. Rantsuwar da ya yi da asuba cewa ya daina, da gaske yake yin ta. Abin da ya kasa shi ne riƙe ta zuwa magariba, lokacin da gajiya da baƙin ciki da abokan majalisa suka taru a kansa, shi kuwa yana shi kaɗai. Darasin nan a kan wannan gurbi ya tsaya. Niyya tana bukatar abokan tafiya, kuma waɗanda suka fi iya raka ta su ne mutanen da suka taɓa faɗawa ramin suka fito.

Mene ne taron taimakon juna?

A watan Mayu na 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron da ke jihar Ohio a Amurka kan wata harka, harkar ta rushe. Ya yi 'yan watanni bai sha ba, ga shi baƙo a otal, ga mashaya a gefensa. Sai ya lura da wani abu: a watannin da ya yi yana ƙoƙarin taimakon wasu mashaya, ko da ba su daina ba, shi dai bai sha ba. Ya ɗauki waya yana neman a haɗa shi da wani mai irin matsalarsa, aka haɗa shi da wani likitan tiyata mai suna Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe wa sana'a. Likitan ya yarda da ganawar 'yan mintoci, suka ɓuge da hirar sa'o'i. Ranar 10 ga Yuni 1935 ce ake lissafawa a matsayin ranar da likitan ya sha kurɓinsa na ƙarshe, kuma daga ita ake ƙirga kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA. Ma'anar sunan ita ce mashayan da ba a bayyana sunayensu. A 1939 suka buga littafin da ya ƙunshi matakai goma sha biyu na farfaɗowa, kuma yau ƙungiyar tana da taruka a ƙasashe kusan 180. Abin lura a wannan tarihi shi ne wanda ya nemi wani. Bill Wilson ya nemi likitan ne don ya ceci kansa, shi ya sa likitan bai ji ana yi masa wa'azi ba.

> AKWATIN MA'ANA
> Taron taimakon juna: zama na lokaci-lokaci da masu matsala iri ɗaya ke yi don ƙarfafa juna, ba tare da wani ƙwararre yana shugabanta ba.
> Rufaffen taro: na masu son daina sha kaɗai.
> Buɗaɗɗen taro: wanda dangi da ɗalibai da ma'aikatan lafiya za su iya halarta su saurara.
> Mai rakiya: tsohon ɗan taro da ya daɗe bai sha ba, wanda sabon shiga ke zaɓa ya riƙa tuntuɓarsa tsakanin taro da taro.

Tsarin taron ba shi da wuya. Yawanci awa ɗaya ne. Wani daga cikin mahalarta ya buɗe, a karanta ƙa'idoji, sannan wanda ya ga dama ya yi magana a kan kansa: yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gardama, kuma sabon zuwa yana iya yin shiru daga farko har ƙarshe. Sunan farko kawai ake faɗa, ba a rubuta rajista. Sharaɗin shiga AA ɗaya ne, wato mutum ya so daina sha. Ba kuɗin shiga. Akan zagaya da kwando don kuɗin ɗaki da shayi, mai shi ya saka, marar shi ya miƙa gaba, kuma ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje. Wanda ya san adashi zai gane tsarin da wuri. Kowa yana zubi, kowa yana ɗauka, kuma abin da ke riƙe shi amana ce. A nan abin da ake zubawa gaskiya ce game da kai, abin da ake ɗauka kuwa ƙarfin kai wa gobe ba tare da an sha ba. Shi ya sa 'yan taron ba sa yi wa juna alkawarin har abada. Na yau kawai suke yi, gobe in Allah ya kai mu a sake ɗaura niyya.

AA ba ita kaɗai ba ce. A 1951 aka kafa Al-Anon don matan mashaya da mazajensu da sauran dangi, kuma Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa ta. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous don masu ta'ammali da ƙwaya. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka gina matakanta a kan koyarwar Musulunci. A 1994 kuma aka samu SMART Recovery, wadda ba ta dogara da addini ba, tana koyar da dabarun sarrafa tunani da marmari.

Yana aiki kuwa?

An daɗe ana gardama a kan wannan, domin ƙungiyar da ba ta ajiye sunaye tana da wuyar bincike. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken lafiya da tace shi, ta fitar da nazarin John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri. Sun haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun samu cewa a cikin waɗanda ƙwararru suka bi tsari suka haɗa su da tarukan AA, kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su kurɓa ba, yayin da a cikin waɗanda aka yi wa wasu ingantattun hanyoyin jinya ta tattaunawa, kashi 35 ne. A karanta waɗannan alƙaluma da idon basira. Kashi 42 yana nufin fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar, don haka duk wanda ya yi maka alkawarin waraka sha-yanzu-magani-yanzu ƙarya yake yi. Amma kuma abin da ake samu kyauta ya yi kafaɗa da kafaɗa da jinyar da ake biya, har ya ɗara ta ta wannan fuska. Ga talaka wannan babban labari ne. Da masana suka bi diddigin dalilin nasarar, abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin abokai. Mai zuwa taro yana rage zama da masu sha, yana ƙara zama da waɗanda suka daina. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wanda ya tashi daga majalisar mashaya bai samu wata ba, ƙafarsa za ta mayar da shi.

A fara da likita idan jiki ya kamu

Wannan sashe shi ne mafi hatsari a darasin, a karanta shi sau biyu. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan ƙara zaburar da kanta don ta jure dannewar. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai zaburar ta wuce iyaka. Cikin sa'o'i 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta tashi, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi suna jijjiga a kwana na farko ko na biyu. Mafi muni kan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: mutum ya rikice, ya riƙa gane-gane, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wannan yana kisa idan ba a kai asibiti ba, kuma ba aikin iska ba ne.

> AKWATIN MA'ANA
> Ciwon janyewa: rashin lafiyar da ke kama wanda jikinsa ya dogara da giya idan ya daina ko ya rage ta kwatsam.
> Komawa ruwa: sake sha bayan an daina. Yana faruwa ga mutane da yawa, kuma abin yi shi ne a dawo taro nan take.

*Misali na 1.* Wani magini ya shekara da yawa yana sha kowace rana, kuma hannunsa ba ya daina rawa da safe sai ya kurɓa. Ya yi wa mahaifiyarsa rantsuwa ya daina. Ƙaninsa ya ce a kulle shi a ɗaki kwana uku har abin ya sake shi. Matarsa, wadda ta ga yadda safiyarsa take, ta ce: "Ƙanin miji, ka yi haƙuri, yayanka ba ɗaki yake bukata ba yanzu. Mu kai shi a duba shi tukuna." Ita ce ke da gaskiya. Rawar hannu da safe alama ce cewa jiki ya kamu. A asibiti za a ba shi maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa na 'yan kwanaki, da bitamin B1 da mashaya kan rasa, a duba hantarsa. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone da acamprosate da likita kan rubuta don rage marmari. Bayan nan sai taro ya karɓi aikinsa. Ɗan taro na kirki ba zai ce da kowa ya ajiye maganin likita ba.

Ina ake nema?

Ƙungiyar da ta ginu a kan rufin asiri ba ta kafa allo a bakin titi, saboda haka sai an tambaya. Ƙofar farko ita ce asibiti. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A nemi ganin likita ko ma'aikacin walwala na sashen, a tambaye shi kai tsaye ko akwai zaman rukuni na waɗanda suka daina sha, a asibitin ko a gari. Kada sunan asibitin ya tsorata kowa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya taɓu. Ƙofa ta biyu ofisoshin hukumar NDLEA ne, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Mutane sun fi saninta da kame, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Ta uku ita ce limami ko fasto da aka yarda da riƙon amanarsa, domin a ƙasashe da yawa a ɗakunan wuraren ibada ake ba tarukan aron wuri. Ta huɗu waya ce. A rubuta sunan ƙungiyar da sunan gari ko ƙasa a intanet, yawanci za a ga lambar wani ɗan sa-kai da zai faɗi wuri da lokaci. Tarukan ido da ido sun fi samuwa a manyan birane irin su Legas da Accra. Amma tun annobar korona a 2020 taruka masu yawa suka koma ta Zoom, ana yin su dare da rana, da Turanci da Faransanci da Larabci, kuma mutum yana iya rufe kyamara ya saurara kawai.

*Misali na 2.* Wani direban tirela da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ya samu lamba ya kira. Ga tambayoyin da ya kamata ya yi: wace rana da wane lokaci, rufaffe ne ko buɗaɗɗe, da wane harshe ake yi, akwai wanda zai tare shi a ƙofa, akwai na waya da zai shiga idan dare ya same shi a hanya. Ba sai ya faɗi cikakken sunansa ko kamfaninsa ba. A ce kuma yana ƙorafin kuɗin mota zuwa taron idan yana gari. Idan yana kashe naira 1,500 kullum a sha, a mako ya kashe 10,500. Idan zuwa da dawowa naira 1,200 ne, taro biyu a mako 2,400 ke nan. Saura 8,100 a aljihunsa.

Idan an samu taro, a auna shi. Na kirki ba ya neman kuɗi, ba ya tsare kowa, ba ya ɗaukar hoto, ba ya sayar da wani tsimi ko ƙulli, ba ya tallan jam'iyya ko ɗarika, kuma shugabancinsa yana zagayawa. Mace tana da haƙƙin neman taron mata zalla, kuma al'adar da aka saba ita ce mace ta raka mace, namiji ya raka namiji. Taro ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin kowane rukuni da halinsa. A gwada sau biyar ko shida, a wurare dabam-dabam in da hali. Duk inda ake ɗaure mutum ko dukansa da sunan gyara, a guje shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma bayan 'yan makonni aka bankaɗo irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can neman shiriya suka je yi, don ba su san wata ƙofa ba. Mari yana hana ƙafa tafiya mashaya muddin yana ɗaure, amma bai taɓa koya wa kowa yadda zai wuce ƙofarta ranar da aka kwance shi ba.

In kuwa garin ba taro, ko ga shi amma ba da harshen da mutum ke ji ba, ƙa'idar AA ta yarda mashaya biyu ko uku da suka haɗu don daina sha su zama rukuni. Hanya mafi aminci ita ce a roƙi ma'aikacin asibitin da ke duba su ya haɗa waɗanda suka amince, ya ba su aron ɗaki sau ɗaya a mako, su yi zamansu da Hausa.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Na farko shi ne mafi nauyi, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Musulmi zai ce addini ya hore mu da suturta zunubi. Wanda Allah ya rufa wa asiri, don me zai je ya tona kansa a gaban jama'a? Ƙorafin yana da tushe. Sai dai abin da aka yi hani da shi shi ne mutum ya kwana yana saɓo ya wayi gari yana ba da labari don tinƙaho ko rashin damuwa. Mai gaya wa likita abin da ya sha don a ceci hantarsa, ko mai gaya wa malami laifinsa don neman fatawa, ba wanda ke kiransa mai fallasa kansa. Zaman da ake yi a rufe, tsakanin mutanen da suka ɗauki amanar juna, da nufin barin saɓon, ya fi kusa da waɗannan biyun. Ba a kuma tilasta wa kowa zayyana abin da ya aikata dalla-dalla. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai wa malamin da ya yarda da shi tambayar, ya bayyana masa yadda taron yake. Ya kamata mu tuna cewa a hankali aka haramta giya a Musulunci, daga ayar Suratul Baƙara da ta auna cutarwa da amfani, zuwa ta Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, zuwa ta Suratul Ma'ida da ta yanke. Buhari kuma ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa a kan shan giya ana hukunta shi. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ba a halatta masa giya ba, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Na biyu: ai abin Nasara ne, kuma a coci ake yi. Tarihi ya nuna waɗanda suka kafa AA sun fito ne daga wata ƙungiyar farkawa ta Kirista mai suna Oxford Group, kuma a Amurka wasu taruka har yanzu suna rufewa da addu'ar Kirista. Ɓoye wannan yaudara ce. Amma ƙungiyar ta raba kanta da kowace ɗarika, matakanta suna magana ne a kan miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon fahimtar kowa, kuma ba wanda ake tilasta wa karanta addu'ar da ba tasa ba. Abin da matakan ke nema, wato amincewa da rauni, binciken kai, neman gafarar waɗanda aka cuta da mayar musu da haƙƙinsu, Musulmi da Kirista duk sun san shi a babin tuba. Iran tana cikin ƙasashen da suka fi yawan tarukan Narcotics Anonymous a duniya, wanda ke nuna tsarin yana iya zama a cikin al'ummar Musulmi.

Na uku: idan na haɗu da wanda ya san ni fa? To, me ya kawo shi? Asirinku yana hannun juna. Duk da haka a faɗi gaskiya, sirrin taro alkawari ne na mutunci, ba rantsuwar likita ba, kuma ɗan Adam ajizi ne. Wanda ke zaune a ƙaramin gari, ko a jihar da shan giya laifi ne a shari'a, yana da dalilin taka-tsantsan. Ya zaɓi taron da ke cikin harabar asibiti, ko na wata unguwa, ko na waya, ya kuma riƙe sunan wurin aikinsa da na iyalinsa. Amma ya auna da kyau. Asirin da yake tsoron ya tonu a ɗaki mai mutum goma, giya ce za ta tona shi wata rana a tsakiyar titi.

Na ƙarshe daga dangi yake fitowa: mu da muka haife shi ba mu isa ba, sai baƙi? Kun isa, kuma ba ya iya yi ba ku. Amma akwai abin da ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba saboda kunya da ƙauna, akwai kuma ƙaryar da ku za ku gaskata wadda tsohon mashayi zai gane tun kafin a rufe baki, domin shi ma ya taɓa yin ta. Aikin dangi shi ne su daina biyan bashin mashaya, su daina yi masa ƙarya a wurin aiki, su sauƙaƙa masa zuwa taro, su kuma nemi nasu zaman irin na Al-Anon, don matar da ta shekara goma tana rufa asiri ita ma tana ɗauke da ciwo. Idan maye ya kai ga duka, tsira da rai da yara shi ne farko, kafin maganar kowane taro.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamomi uku na jarabar giya.
2. A wace shekara da wane gari aka kafa AA? Me ya sa Bill Wilson ya nemi ganin likita Bob Smith?
3. Mene ne bambancin rufaffen taro da buɗaɗɗen taro? Wanne matar mashayi za ta iya halarta?
4. Nazarin 2020 ya kawo kashi 42 da kashi 35. Bayyana abin da kowanne ke nufi, da abin da ba su yi alkawari ba.
5. Me ya sa kulle mai rawar hannu a ɗaki yake da hatsari? Me ya kamata a yi?
6. Mutum yana kashe naira 2,000 kullum a sha, kuɗin motarsa zuwa taro da dawowa naira 900 ne. Idan ya daina sha yana zuwa taro sau uku a mako, nawa zai rage masa a mako?
7. Lissafa abubuwa huɗu da taro na kirki ba ya yi.
8. Wani ya ce zuwa taro tona asirin kai ne. Da kalmominka, yaya za ka amsa masa?
9. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya gano asibiti mafi kusa da ke da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ranakun da ake ganin likita, da kuɗin mota daga unguwarku, ku kawo a darasi na gaba. Kada a ambaci sunan kowane mai fama da matsalar a cikin aji.